Aduke Mai Mayar da Waya Asalinta

A layin Otigba da ke Ikeja, duk wanda ya taɓa kai wa Aduke Oyelaran gyara ya san ba ta karɓar waya hannu da hannu. In ka miƙo mata, sai ta nuna maka wani farantin roba a kan teburi ta ce ka ajiye nan. Daga nan ta ɗauki auduga da sifirit ta goge ta ciki da bai, tana yatsina fuska kamar mai wanke hanjin akuya. Ba laifinta ba ne. Ta ga wayar da aka zaro daga cikin rigar mama sharkaf da gumi, ta ga wadda manja ya daskare a ramin cajinta, ta ga wadda kyankyasai suka yi ƙwai a bayan murfinta. Wani mai sayar da taya ya taɓa kawo mata tasa cikin ledar shinkafa, sai da ta gama jujjuya ta a tafin hannunta sannan ya ce ai a masai ta faɗa. Washegari ta sayi farantin.

'Yar Ogbomosho ce. Ubanta direban babbar mota ne, ya rasu a hanya tana aji biyu a sakandare, uwarta ta ci gaba da riƙonsu da cinikin ƙosai da kamu. Da ta gama makaranta, yayan uwar tata, Kawu Lasisi, ya ɗauko ta zuwa Legas don ta riƙa share masa shago tana sayar da caja da rigar waya. Mutum ne mai tumbi da fara'a, mai son a kira shi Baba Injiniya, kuma shi ke buɗe taron ƙungiyar 'yan layin da addu'a. Da ya lura yarinyar ta fi kallon kwamfuta a kan kallon masu ciniki, sai ya jawo mata kujera kusa da shi. Gaskiya ɗaya ce, ya koya mata aiki da zuciya ɗaya. Bai taɓa dukanta ba, ko a ranar da ta kashe wayar wani ɗan sanda.

Aikinta ba na sukudireba ba ne. Ba ta canza gilashi, ba ta liƙa waya da dalma. Ita ta ƙwaƙwalwar waya ce. Kowace waya tana da wani ɗan fayil da take tashi da shi idan an kunna ta, wanda kamfani ya sa mata tun daga masana'anta. Samari masu ƙaiƙayin hannu sukan buɗe makullin wayar su yi wa fayil ɗin nan kwaskwarima, don su sami ikon shiga ko'ina a cikinta. Wannan shi suke kira rutin, ita kuwa fashi take ce masa. Ana nan sai kamfani ya aiko da sabuntawa, wayar ta duba ta ga an taɓa ta, ta ƙi karɓa. Manhajar banki ma ta ce ba ta buɗewa a gidan da babu ƙofa. A lokacin ne ake neman Aduke. Sai ta nemo asalin fayil ɗin, wanda ya dace da irin wayar da lambarta kwabo da kwabo, ta mayar da shi mazauninsa, ta sa sabuntawar kamfani, ta rufe makullin. In aka yi kuskuren lamba ɗaya, wayar ta zama abin da suke kira bulo: ba ta kunnuwa, ba ta kashewa, sai dai a danne takarda da ita.

"Ka fasa katangar gidanka don ka riƙa shiga ta baya," haka take ce wa samarin, "yanzu ka zo kana kukan awaki."

Da hannunta ya faɗa sosai, sai Kawu Lasisi ya sakar mata gaban shagon, ya koma wani ɗan ɗaki na baya da ya sa aka yanka masa da katako. Can yake ganawa da waɗanda yake kira manyan kwastomomi, maza masu takalma masu sheƙi, da ke shigowa da sabuwar waya a kwali su fita da ita a kwalin an sake liƙe ledar. Aduke ta ɗauka 'yan sari ne. Ba ta tambaya ba, don ba a koya mata tambayar babba ba.

Cikin damina, ranar da kwatar layin ta cika ta tumbatsa tana ɗoyi, wata budurwa ta shigo da lema a hannu da fararen kayan asibiti a jiki. Sunanta Ebere, ma'aikaciyar jinya ce, doguwa mai sanyin magana. Ta ajiye wayar a faranti tun kafin a ce mata, da alama an ba ta labari.

"Anti, wayar nan ta ishe ni," in ji ta. "Kullum sai ta ce in sabunta, in na danna sai ta yi rabi ta tsaya. Banki ya daina buɗewa. Ga zafi kamar dutsen guga, ko ba na amfani da ita."

Aduke ta goge ta, ta jona ta da kwamfuta, ta ɗan duba.

"Wa ya fasa miki ita?"

"Fasawa kuma? Ko faɗuwa ba ta taɓa yi ba."

"Ba gilashi nake nufi ba. An buɗe cikinta."

"Sabuwa ce fa, Anti. A kwalinta Tochi ya ba ni, ranar da suka kai gaisuwa gidanmu. Shi zan aura."

Aduke ta koma kan kwamfutar. Ta shiga jerin manhajojin, har da waɗanda ba a nuna wa mai waya. Sai ta ga kalkuleta guda biyu. Ta farkon ta kamfani ce. Ta biyun tana da izinin buɗe kyamara ta gaba da ta baya, da izinin sauraro, da karanta saƙo, da sanin inda mai wayar take, duk ba tare da wata fitila ta nuna ba. Kuma wuri biyu take aika abin da ta kwasa.

Nan da nan ta kashe data, ta zare sim ɗin, ta yanko baƙin salatif ta manna a kan idon kyamarar. Sannan ta leƙa fayil ɗin da aka yi wa kwaskwarimar. A ƙarshen sunansa an rubuta ogbomosho da ƙananan baƙaƙe. Mutum ɗaya ne a duk kasuwar yake sa wa aikinsa wannan tambarin, wato kawunta, kuma a gabanta ya sha yin sa yana cewa ɗan halak ba ya manta garinsu.

"Ƙanwata, ɗan jira ni," ta ce da Ebere. "Kada ki taɓa wayar."

Ta tura ƙofar ɗakin baya ba ta ƙwanƙwasa ba. Zafi da warin miya da na gumi suka tare ta. Kawu Lasisi na zaune da abokansa biyu, mai sayar da batir na maƙwabta da wani tsoho mai canza gilashi, sun sa kwanon amala a tsakiya da miyar ewedu. Kwamfutar tafi da gidanka na buɗe a kan kwali a gabansu. A jikinta ga wata mata a ɗakinta, ta fito daga wanka tana shafa mai, tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa, ba ta san da kowa ba. A gefe kuma ga wasu ƙananan tagogi a jere, kowace da ɗakin wata. Tsohon mai gilashi ya matso da fuskarsa har yana neman taɓa allon, bakinsa a buɗe da loma a ciki. Kawu ya lashe miyar da ke dalala a yatsansa, ya sa yatsan nan ya ƙara girman hoton.

Shi ya fara ganinta. Bai razana ba, ya dai sauke murfin kwamfutar rabi.

"Ke, sallama ba ta cikin tarbiyyar da na ba ki?"

"Kawu, mece ce wannan?"

"Aiki ne. Mazansu ne suka kawo, su suka ce a sa. Ni gwadawa kawai nake in tabbatar yana yi."

"Da amala ake gwajin?"

Mai batir ya tuntsire da dariya har ya ƙware. "Baba Injiniya, 'yar taka fa akwai baki. Ki zo ki sa hannu mana, Anti Fasto."

"Su mazan sun san kana da naka makullin?" ta tambayi kawun, ba ta ko kalli mai batir ba.

"Wanda ya gina gida ai ya san inda taga take." Ya gutsuro amala ya mulmula. "Ke yarinya ce, ba ki san mata ba. Rabin waɗannan da kike gani, ba don mu ba da sun kai mazansu kabari. Gyaran aure muke yi. Ja mana ƙofar, ƙuda na shigowa."

Ta kalli hannun nan nasa mai maiƙo. Da shi ya kama nata ya nuna mata yadda ake jona waya, da shi yake shafa addu'a a gaban jama'a. Ta fita ta ƙofar gefe, ta durƙusa a bakin kwata ta amayar da burodi da waken da ta karya da su. Mai gasa masara da ke wurin ta miƙo mata ruwan leda tana cewa, "Sannu, ko dai an samu ne?" Aduke ta kuskure baki ta koma ciki.

Ta ja Ebere zuwa lungun da ake ajiye kwalaye, ta gaya mata komai, har da sunan wanda ya yi aikin da cewa kawunta ne. Ta yi zaton kuka ko ihu. Ebere ta tsaya kawai tana kallon wayar a faranti.

"Da ita nake shiga banɗaki," ta ce can. "Waƙa nake sawa."

Aduke ta sunkuyar da kai.

"Mamata ta zo jinya, a ɗakina ta zauna. Ba ta iya tashi. Ni nake mata wanka a kan tabarma, in canza mata ƙunzugu. Wayar tana jingine a kan kujera, don in ji in an kira ni daga asibiti." Ta goge tafin hannunta a jikin farar rigarta, ta sake gogewa. "Anti, cire shi. Ko kuma ki ba ni dutse."

"Ba sai an kai ga dutse ba. Zauna."

Ta kwashe mata hotuna da lambobin mutane ta ajiye a gefe. Ta duba lambar wayar sau biyu, ta nemo asalin fayil ɗin tashinta, ta mayar. Ba ta tsaya nan ba, don ba ta yarda da komai a cikin wayar ba: ta share ƙwaƙwalwar gaba ɗaya ta zuba ta kamfani sabuwa fil. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, janareton layin ya yi tari ya kama. Wayar ta tashi, ta nemi sabuntawa da kanta, layin da ke nuna tafiyarta ya cika har ƙarshe bai tsaya ba. Aduke ta rufe makullin, ta ce a gwada banki. Ya buɗe.

Ebere ta ɗauki wayar da yatsu biyu ta jefa a jaka. Ba ta ɓare salatif ɗin ba.

Aduke ba ta sake zama a shagon ba. Ta je wurin ciyaman na ƙungiyar layin, wani mai sayar da kwamfutoci da ke yawan wa'azi a kan amana. Ya saurare ta yana sakace haƙori.

"Maganar nan in ta fita, wa zai sake kawo mana waya?" in ji shi. "Ba kawunki kaɗai za ki kashe ba, duk layin ne. Zan yi masa magana ya rage."

"Ya rage, Oga Ciyaman?"

"To me kike so, in kira masa 'yan sanda? Su ma su zauna su kalla?"

Kafin la'asar labari ya isa Ogbomosho. Uwarta ta kira ta a waya.

"Aduke, mutumin da ya ɗauke ki ba ki da ko takalmi? Shi kike tona wa asiri a kasuwa?"

"Mama, matan mutane yake leƙe. Har da tsohuwa marar lafiya."

"Na ji, bai kyauta ba. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ki je ki durƙusa ki ba shi haƙuri."

"Ni zan ba shi haƙuri?"

"Ke ce ƙarama."

Aduke ta kwashe kwamfutarta da igiyoyinta da farantinta, ta kama wani ɗan wuri a ƙarƙashin matakalar wani bene a ƙarshen layin, inda ruwa ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗakin masu sama. Teburi ɗaya ne da benci. Mazan layin suka daina amsa gaisuwarta. In ta wuce sai a ce, "A ɓoye wayoyi, ga hukuma nan."

A nan Tochi ya same ta. Kyakkyawan saurayi ne mai turare da agogo mai nauyi, ya zo yana huci kamar kububuwa. Ebere ta mayar masa da zobensa da wayar tasa, ta ƙi ganinsa.

"Ke ce mai raba aure?" ya ce. "Wa ya sa ki taɓa wayar da na saya da gumina?"

"Mai wayar ce ta kawo."

"Matar da zan aura ce. Ina da haƙƙin in san me take yi. Ma'aikaciyar asibiti ce, kin san halinsu da likitoci."

"To me ka gani?"

Ya kawar da kai gefe.

"Ka ga tana wanke uwarta," in ji Aduke. "Kuma ba kai kaɗai ka gani ba. Je ka tambayi Baba Injiniya su nawa suke zama a kai, da me suke ci."

Ta ga maganar ta shige shi a hankali. Ta jira ko za ta ga kunya a fuskarsa, ko da ɗan ƙanƙani. Abin da ta gani fushin wanda aka ci wa tuwo ne. Ya juya da gudu, jama'a suka bi shi. Yana isa shagon Kawu ya ɓalle ƙofar katakon, ya fito da kwamfutar ya maka ta da ƙasa, ya shaƙe Kawu Lasisi da wuyan riga yana jijjiga shi.

"Tawa ce," yake ta faɗa. "Ni kaɗai na biya in gani. Wa ya ba ka izini?"

Masu rabon faɗa suka yi ta gyaɗa kai. Wani ya ce gaskiyar yaron ce, Baba ya wuce gona da iri, ai amana aka ba shi. Wani ya ce da ya tsaya a kan abin da aka sa shi da babu ruwan kowa. Ciyaman ya zo ya shigar da su ofis, aka sayo lemo, aka sasanta. Babu wanda ya ambaci sunan Ebere, balle na sauran matan. Aduke na tsaye daga nesa, ta ji kamar ta taka kashin kare da ƙafa ba takalmi.

Ba a daɗe ba Kawu ya sayi wata kwamfutar, ya sa wa ɗakin ƙofar ƙarfe. Masu takalma masu sheƙi ba su daina zuwa ba.

Amma wasu ma sun fara zuwa ƙarƙashin matakala. Ebere ta gaya wa abokan aikinta, su kuma suka gaya wa 'yan cocinsu da masu yi musu kitso. Mata sukan zo su zauna a benci suna waige-waige, su ce wayar ce ke zafi. Da yawa babu komai a ciki sai tarin bidiyo. Wasu kuwa akwai. Aduke takan nuna musu da ido, sannan ta tambaya ko a cire. Akwai wadda ta ce a bar shi, in ya ga an cire zai kashe ta da duka. Akwai wadda aka cire wa, ta dawo da wayar mijinta a ɓoye cikin zani ta ce a sa masa irinsa. Aduke ta nuna mata hanya ta ce ta yi gaba, shagon ba shi da nisa.

Wata ranar Juma'a da hantsi, tana tsakiyar sa wa wani ɗalibi sabuntawa, sai ga Iya Sikira, matar Kawu Lasisi, wadda ta riƙe ta a gidanta shekarun da take koyon aiki. Ta tsufa, ta rame, tana riƙe da kular abinci. Aduke ta tashi ta durƙusa ta gaishe ta.

"Tashi, 'yata. Na zo asibitin ido ne na ce bari in biyo." Ta zauna a bakin benci, ta ajiye kular. Sai da ɗalibin ya tafi sannan ta kwance bakin zaninta ta fito da waya. "Kawunki ne ya ba ni da sallah. Ɗan duba mini."

Aduke ta jona ta. Ta duba makullin, a rufe yake. Ta duba fayil ɗin tashi, na kamfani ne. Ta bi manhajojin ɗaya bayan ɗaya.

"Mama, lafiyarta ƙalau. Ba a taɓa ta ba."

"Kin duba da kyau?"

"Na duba. Sabuntawa kawai take jira."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon wayar. Sannan ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"To. Ni ko darajar leƙe ban kai ba ke nan."

"Mama, kin san abin da yake yi?"

"Wa yake wanke masa kaya? Tun kafin ya yanka ɗakin nan yake zuwa da abin gida. Ya sa abin ji a kunne, ya juya mini baya." Ta gyara ɗaurin kallabinta. "Da kuɗin ake biya wa 'yarmu Sikira makaranta. Me zan ce?"

Aduke ta jawo wayar gabanta. Ta danna sabuntawar, suka zauna suna kallon layin yana tafiya, ruwan na'urar sanyaya ɗaki na ɗiga a bokiti. Da wayar ta tashi, Iya Sikira ta ƙulle ta a bakin zani ta miƙe da ƙyar.

"Ga shinkafa nan da kifi, irin wadda kike so. Kada ki ce masa na zo."

Aduke ta raka ta har bakin titi, ta tare mata mota, ta taimaka mata ta hau. Da ta dawo ta buɗe kular. Shinkafar na tururi, da kifi manya biyu a sama, daga cefanen gidan kawunta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta mayar da murfin ta tura kular ƙarƙashin teburi da ƙafa. Wata mata mai goyo tana tsaye tana jira da waya a hannu, Aduke ta ce mata ta zauna.